Ranar da Aka Kira Ni Shaiɗan a Ingila

Satina uku kacal da sauka a Ingila, a wani gari na arewacin ƙasar inda na je karatun digiri na biyu, aka kira ni Shaiɗan a bainar jama'a. Da safe ne, sanyi ya gama cin yatsuna, na tura ƙofar ofishin sashenmu. Sakatariyar, wata dattijuwa mai furfura da tabarau, ta ɗago kai ta ce da fara'arta, "Speak of the devil!" Mutum ukun da ke ɗakin suka kwashe da dariya. Na yi a'uziyya a zuci, na karɓi takardar da ta kawo ni, na fice ban ce uffan ba. Shekara tara na yi ina koyar da Turanci a makarantar sakandare kafin wannan tafiya, kuma babu kalmar da ban sani ba a cikin huɗun da ta faɗa, saboda haka ban ga abin tambaya ba. An ce min Shaiɗan, an kuma yi min dariya. Kwana goma ina gaishe ta ciki-ciki.

Wanda ya warware min ƙullin wani dattijo ne mutumin Katsina da ya haura shekara talatin a can. A masallacin Juma'a muke haɗuwa, kuma dukanmu 'yan makaranta Baba muke ce masa. Bayan an sauko daga salla muka zauna shan shayi a shagon wani ɗan Pakistan, na zayyana masa abin da ya faru, raina a ɓace. Ya ajiye kofinsa ya dube ni.

"Ɗana, kafin ka shiga ɗakin, zancen wa suke yi?"

"Wallahi ban sani ba, Baba."

"Zancenka suke yi. In ana maganar mutum a gida sai ga shi ya faɗo, me muke cewa?"

Na yi jim, sannan na ce, "Ɗan halak, ka ƙi ambato."

"To, abin da baiwar Allah ta faɗa maka ke nan. Kai kuma ka je ka ɗauki gaba da ita."

Ashe guntuwar magana ce, an yanke mata wutsiya. Cikakkiyarta tana cewa in ka ambaci Shaiɗan sai ya bayyana, daga tsohon camfin da mutanensu ke da shi na gudun kiran sunansa. Zamani ya cinye tsoron ya bar musu raha. Har gobe dai tamu ta fi min daɗi, don mu asalin mutum muke yabo in ya shigo ana zancensa, su kuwa tsokanarsa suke yi. Amma abu ɗaya ake nufi. Ranar Litinin na kai wa dattijuwar dabino a 'yar leda, ta karɓa da murna, kuma har na baro ƙasar ba ta san dalilin kyautar ba.

Abin da ya fi ba ni kunya, ni ne malamin da ke cika allo da irin waɗannan maganganu duk shekara in jarrabawar WAEC da ta NECO suka matso. Na jero su, na jero ma'anoninsu a gefe, yara su kwafa su haddace. Wadda na fi ƙauna ita ce "raining cats and dogs", wai ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na yi fiye da shekara a garin da ruwan sama ba ya fashin sati, ban taɓa jin ta a bakin ko da mutum ɗaya ba. Waɗanda nake ji kullum a bas da kanti da aji kuwa, yawancinsu ba su taɓa hawa allona ba.

Sai na sayi ɗan ƙaramin littafi na sa a aljihun kwat, duk wadda na ji in rubuta. Bayan wata biyu na lura cewa fiye da rabin abin da na tara a kan magana ne: yawanta, ƙarancinta, ɓoye ta, tona ta. Ba abin mamaki ba ne, don baƙo ba shi da gona ba shi da dangi a garin mutane, da baki yake shiga da baki yake fita.

Na dabbobi su suka fi saurin zama a kaina. Mai gidan da nake haya ya taɓa ce min matar ƙaninsa za ta iya "talk the hind legs off a donkey", wato surutunta sai ya cire wa jaki ƙafafun baya. Na yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki ina hango jakin. Mu da sai mu ce aku ce, ko kamar ta haɗiyi rediyo. Wanda ya tona abin da ake ɓoyewa, su ce ya saki kyanwa daga buhu, "let the cat out of the bag", maganar da ake da shaidarta a rubuce tun 1760, ko su ce ya zubar da wake, "spill the beans". Mu ƙwai muke fasawa. In labari ya fito daga mai shi, su ce "straight from the horse's mouth", daga bakin doki. Wannan ta 'yan cacar sukuwa ce: kowa na neman wanda zai tsegunta masa dokin da zai yi nasara, wani ya ji daga mahayi, wani daga mai ba dokin ciyawa, to wa zai fi dokin kansa sani? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji mu.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta jita-jita, "I heard it through the grapevine", na ji ta kurangar inabi. Daga Amurka ta fito. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙon tangaraho tsakanin Washinton da Baltimo, wayoyi suka fara ratsa ƙasar a kan turaku, mutane kuma suka raɗa wa labarin baki da baki suna tangarahon kurangar inabi, wato wayar da ba ta miƙe ba, mai lanƙwasa tana bi ta inda ta ga dama. Sunan ya bazu sosai a lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, sa'ad da raɗe-raɗi suka yi yawa a sansanonin soja. Da na gano haka sai na tuna da rediyo mai jini. Mu ma da sabuwar na'urar kai labari ta zo mana, mun ari sunanta mun liƙa wa magulmaci. Teku ce tsakaninmu da su, amma dabarar ɗaya ce.

Wata da aka jefe ni da ita kai tsaye ita ce "don't beat about the bush". Na je wurin wani jami'i neman a ƙara min kwanaki kafin in miƙa wani aiki, saboda rashin lafiyar mahaifiyata ya ɗauke min hankali. Na shiga yadda aka tarbiyyantar da ni in shiga wurin wanda nake neman alfarma a hannunsa. Na gaishe shi, na tambayi aiki, na tambayi iyali, na yaba yadda suke kula da mu baƙi, na fara ba shi labarin nisan gida. Ya dubi agogon hannunsa, ya yi ɗan murmushi, ya ce in bar kewaye-kewaye in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa a jimla biyu, ya sa hannu a takarda, ko minti ɗaya ba a yi ba.

Na fita da takardar da kuma ɗan ciwo a zuciya. Daga baya na binciki asalin maganar, sai na samu ta mafarauta ce, tun ƙarni na 15. In za a kama tsuntsaye, akwai masu zagaya kurmi suna dukan ciyayi da sanduna don tsuntsayen su tashi, sannan wasu su kama. Mai dukan ciyawa bai kama komai ba, shi ya sa suka mayar da shi misalin mai magana ba ya zuwa ga gaɓa. Amma duk wanda ya taɓa bin 'yan farauta daji ya san in babu masu kora babu abin da zai tashi. Gaisuwar da Bahaushe ke yi kafin ya faɗi buƙatarsa ita ce korar. Da ita yake auna fuskar mutum, ya gane ko yau ranar tambaya ce ko a bari sai gobe, ya kuma ba shi hanyar ƙi ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ban yarda ɓata lokaci ce ba. Na dai yarda cewa a ofishin da aka ware wa kowa minti goma, gaisuwa ɗaya ta isa.

Wannan abu ya ƙara min imani da abin da muka taso muna ji, cewa Bature kaifi ɗaya ne, in ya ce e to e ce, in ya ce a'a to a'a ce. Ga shi kuma harshensu cike yake da maganganun da ke yabon fito-na-fito: "get to the point", "call a spade a spade", "lay your cards on the table". Na ce a raina, shi ke nan, na gane mutanen nan. Su feɗe biri har wutsiya suke so.

A nan na yi faɗuwar da ta fi ta farko ciwo.

Na miƙa wa malamar da ke duba kundina babi na farko. Da muka zauna ta ce aikin "quite interesting" ne. A kan wata hujja da na dage a kai ta ce, "I hear what you say." A gefen shafuka da dama ta rubuta "you might want to look at this again". Na fassara wa kaina su ɗaya bayan ɗaya: aikin ya ba ta sha'awa, ta ji bayanina ta gamsu, sauran kuma shawara ce, in na ga dama in sake dubawa. Ban ga dama ba. A daren na buga waya gida na ce wa maiɗakina ta taya ni murna, Baturiya ta yaba aikina. Na wuce babi na biyu hankali kwance.

Bayan sati uku malamar ta tambaye ni ina gyararren babin. Na ce wane gyara? Ta cire tabarau ta dube ni, ni ma na dube ta. A ranar na san cewa "quite" a bakin mutumin Ingila sau da yawa rage daraja take yi, ma'anarta ba laifi dai, alhali a bakin Ba'amurke ƙari ce. Na san cewa in sun ce sun ji abin da ka ce, galibi suna nufin ba su yarda ba kuma an rufe zancen. Waccan ta gefen shafi kuwa umarni ne aka sa masa rigar ladabi. Sati uku na aiki suka tafi a banza, na koma na rushe babin tun daga tushe.

Da na kai wa Baba ƙara, dariya ya yi har da tari.

"Hannunka mai sanda ta yi maka, ɗana, ka tsaya kallon hannun. Wa ya ce maka ba su iya jirwaye mai kama da wanka ba? Sun fi mu iyawa. Nasu dai ba a wurin da namu yake ba."

Shi ya koya min "read between the lines", karanta abin da ke tsakanin layuka, ya ce rabin zaman Ingila ke nan. Ya ƙara min da wasu. In mutum ya fara da "with the greatest respect", to shirya, zai nuna maka cewa shirme ka faɗa. In ya ce abu "not bad", wataƙila ya yaba ƙwarai. In maƙwabci ya ce "you must come round for dinner sometime" bai sa rana ba, kada ka goge riga. Wannan ta ƙarshe ta zo min a makare, don na riga na yi sati biyu ina jiran maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Daga nan na raba littafin aljihuna gida biyu, kuma wannan rabon shi ne babban abin da na dawo da shi. Maganar da ke da jaki ko kyanwa ko doki a ciki ba ta da haɗari. Kana jin ta ka san ba ka gane ba, sai ka tambaya, a yi dariya, a wuce. Mai cutarwa ita ce wadda aka gina da ƙananan kalmomin da ɗan aji ɗaya ya sani. Ba ta yi maka ƙararrawa. Kana tafe da tabbacin ka fahimta, har sai ka ji ka a rami. Kuma ita ce ba a sa wa yara a jarrabawa, don ba ta yi kama da karin magana ba.

Da na huce sai na ga ba ni da bakin zargin kowa. Mu fa? Ka wuce mutum yana cin abinci ya ce maka bismilla, in ka wanke hannu ka zauna ka cinye masa tuwo, kai ne ba ka da tarbiyya. Ka kai wa babba buƙata ya ce "za mu duba", kowa ya san inda aka dosa. "Ba komai" sau nawa take nufin akwai komai? Baturen da ya koyi Hausa a littafi zai sha irin wahalar da na sha, ko fiye. Ni kaina na rikita abokin zamana ɗan ƙasar ranar da na tashi zan fita kanti na ce masa "I'm coming". Ya bi ni da kallo ya ce ai tafiya kake yi. "Ina zuwa" ce na ɗauko ɗungurungum na sa mata kayan Turanci. Haka in wani ya yi tuntuɓe na ce "sorry", ina nufin sannu, sai ya juyo ya ce ai ba laifinka ba ne.

Su kansu masu harshen ba su tsira ba. A Ingila, in an ce za a "table" wani batu a taro, ana nufin a gabatar da shi a tattauna, kamar yadda majalisunmu na Najeriya suka gada. A Amurka kuwa ana nufin a jingine shi. Winston Churchill ya ba da labari a littafinsa na tarihin Yaƙin Duniya na Biyu cewa hafsoshin Birtaniya sun taɓa kawo wata takarda ta gaggawa suka ce a yi mata haka, takwarorinsu na Amurka suka ƙi, aka daɗe ana cacar baki kafin a gano cewa ɓangarorin biyu abu ɗaya suke so, wato a tattauna ta nan take. In janar-janar masu harshe ɗaya sun yi wannan a tsakiyar yaƙi, malamin sakandare daga Arewa ya samu abin rarrashin kansa.

Sai kuma cutar da ke kama duk wanda ya fara ganewa: na shiga barbaɗa su ko'ina. Kowace jimla sai na sa mata guda, kamar sabuwar amarya da magi. Ƙarshen abin ya zo wata rana da malamata ke neman yadda za ta faɗa min wani abu, tana ta jan magana. Ina so in sauƙaƙa mata, in ce ta faɗa kawai ba zan ji haushi ba, sai na ce, "Spit it out." Fuskarta ta yi ja har kunne. Ma'anar na sani daidai, wato fito da abin da ke bakinka. Abin da littafina bai rubuta ba shi ne wa ke faɗa wa wa. Maganar gajen haƙuri ce, ta uwa ga ɗanta ko ta aboki ga aboki. Kamar ɗalibi ne ya dubi malaminsa ya ce "kai, yi maza ka faɗa mana". Haka "has the cat got your tongue?", wai ko kyanwa ta ɗauke maka harshe, yaro ake ce wa in ya yi shiru. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, kuma a lokacin na riga na san yadda ake karanta irin wannan ba komai ɗin. Magana zarar bunu ce, ko da wane harshe aka zare ta.

Tun daga ranar na sa wa kaina doka: in fahimci ɗari, in yi amfani da goma, kuma kada in faɗi ko ɗaya sai na ji ta a bakin mutum uku na ga wa suka faɗa wa. A ƙasar Ailan, kusa da birnin Kok, akwai wani dutse a saman ganuwar gidan sarauta na Blarney da masu yawon buɗe ido ke kwanciya rigingine su sumbata, wai yana ba mutum "the gift of the gab", baiwar iya zance. Abokan karatuna sun shirya tafiya can a hutun bazara, ban bi su ba. A lokacin baiwar kame baki na fi buƙata.

Yanzu na koma aji, kuma har yau ina rubuta waɗannan maganganu a allo, don jarrabawa tana tambayarsu. Sai dai kowace na rubuta, sai na sa yara sun nemo min 'yar'uwarta ta Hausa, sannan mu tsaya a kan wanda ya dace a faɗa wa. Ranar da muka yi ta kurangar inabi, wata yarinya a layin baya ce ta riga kowa cewa rediyo mai jini, ajin ya ɗauki shewa, kuma na tabbata babu wanda zai manta ta a cikinsu. Abokan aikina malaman Turanci, ina roƙonku ku gwada wannan ko sau ɗaya a zango. Hausar da yaro ya zo da ita daga gida jari ce a darasin Turanci, bai kamata mu riƙa cin sa tara a kanta ba.

Kai kuma ɗan'uwa da biza ta fito kana haɗa kaya, in ka je ka miƙa aikinka ya dawo da "you might want to" a gefen shafi, kada ka buga waya gida tukuna. Zauna a daren ka sake rubuta babin.